Jan Fensir a Katin Adda Ma'u

A kan takarkari aka kawo Adda Ma'u Bayan Dutse, shekara biyu da samun mulkin kai, ana tsakiyar yankan gero. Mijinta Hamma Daudu ne ya jawo igiyar tun daga rugarsu da ke yamma da Gwiwa. Ya sauke ta a bakin rafin da ya raba mu da sauran jama'a, ya ajiye mata tabarma da ƙwarya biyu da 'yar akuya, ya ja gefe ya tsaya yana kallon ƙasa. Ni na fito na karɓe ta, kati a hannu, fensir a bayan kunne.

Bayan Dutse ɗan ƙauye ne da hukuma ta keɓe a yankin Roni don masu kuturta, ko masu babbar cuta, kamar yadda mutanenmu ke sakayawa. Bukkoki ne kamar arba'in, da rijiya ɗaya, da ɗakin kwano guda inda ake ajiye magani. Ni kuwa Muhammadu Lawal ne, malamin ƙwaya, shekarata ashirin da uku a lokacin. Na gama makaranta a Kazaure, an koya mini aiki wata shida, an ba ni keke da farar riga, sai na riƙa jin in ka ɗebe likita duk ƙasar nan babu wanda ya kai ni sani. Alhali aikin bai wuce in ba kowa ƙwayarsa Litinin da Alhamis ba, in tsaya sai na ga ya haɗiye, in wanke gyambo, in cika kati.

Ciwon Adda bai yi nisa ba. Tabo ne fari-fari guda uku, biyu a gadon baya, ɗaya a hannun hagu. Yatsunta lafiya lau, fuskarta ma haka. Amma arɗonsu ya riga ya yanke magana: ba za ta sake kwana a ruga ba sai ta zo da takardar likita mai cewa ta warke. Ta baro yarinya da aka yaye ba da daɗewa ba. 'Yar fari ce, don haka tsawon zamanmu ban taɓa jin sunanta a bakin Adda ba, kullum sai dai "yarinyar". A wajen Hamma na ji cewa Rahamatu ake ce mata.

A ranar ta tambaye ni, da gurguwar Hausarta, shekara nawa ake yi a nan. Na buɗe baki na ce irin nata uku ne, in ya yi yawa huɗu. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar ni zan sa hannu a takardar.

Ba ta iya zaman banza ba. Kafin wata uku ta san bukkar kowa. A Bayan Dutse akwai tsofaffi da ciwon ya cinye wa yatsu, waɗanda danginsu suka daina leƙowa, kuma hukuma ba ta ɗauki kowa don ya kula da su ba. Ni dai ƙwaya aka ce in bayar. Adda ce ta fara ɗebo musu ruwa da sassafe, ta dama musu koko, ta bar shi ya huce kafin ta miƙa, don ta lura wanda hannunsa ba ya ji sai ya rungumi kwano mai zafi ya ƙone bai sani ba. Ita ta ƙirƙiro ɗaure ludayi a dungulmin hannu da tsumma, mutum ya ci da kansa ba sai an ba shi a baki ba. Da yamma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba tafin ƙafa ko ƙaya ta shiga. Ni da na yi wata shida ina koyon aiki, a wajenta na ga wannan, na kuma rubuta a rahoto kamar dabarata ce.

Cikin tsofaffin akwai Baba Kura, Babarbare, tsohon farke da ciwon ya kama a hanyar Babura ya kasa komawa gida. Ido ɗaya gare shi, baki kuwa kamar na mutum goma. Tun da ya ji Bafulatana ce ya samu abin yi. In ta kawo masa koko ya ce baiwarsa ta makara, zai sayar da ita ya sayi jaki. Ita kuma ta ce bawan Fulani bai isa ya yi tsegumi ba, ya sha ko ta ba akuya. A wajensa kaɗai nake jin dariyarta. In ba shi ba, magana ma ƙirga ta take yi.

Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, sufeto yake zuwa daga Kano. Shi kaɗai doka ta ba ikon sallamar mutum, kuma dokar ba banza aka yi ta ba. Kafin zuwana an yi wasu malaman ƙwaya da ke sallamar mutum don ya kawo musu zakara, ya koma gida da ciwonsa, ya dawo bayan shekara biyu babu yatsu. Shi ya sa aka ce sai sufeto, kuma sai an ci gwaji biyu. Na farko a ɗan tsaga fatar kunne a shafa a gilashi a kai Kano a duba. Na biyu gwajin auduga.

Ga yadda ake yin sa. A ajiye benci a gindin darbejiya, mutanen ƙauye duk suna layi suna kallo. Mai ciwo ya zauna, ya sauke riga ko mayafi daga kafaɗa, in kare masa ido da kwali. Sufeto ya murza auduga ta yi tsini, ya riƙa taɓa shi a baya, a hannu, a kumatu. In ya ji sai ya ce ya ji, ya nuna wurin da yatsa. A jikin katin kowa akwai zanen mutum, gaba da baya. Duk inda aka taɓa ba a amsa ba, sai in shafa wa wurin jan fensir. In jan yana raguwa shekara zuwa shekara, ana samun sauƙi ke nan. In yana ƙaruwa, ciwon yana cin jijiya a ɓoye, ko da fata ta washe.

Na yi mata bayani da kyau, kamar yadda nake yi wa kowa. Ta zauna, ta sauke mayafin da ƙyar, ta sunkuyar da kai. Sufeto ya taɓa tabon, shiru. Ya taɓa gefensa, shiru. Na shafa ja.

A shekara ta uku tabon ya ɓace, sai ka ƙura ido za ka gane gurbinsa. Gilashin kunne ya dawo daga Kano babu komai. Na fara yi mata albishir tun kafin sufeto ya iso. Ya zo, ya taɓa baya, shiru. Ya gangara hannun dama inda tabo bai taɓa fitowa ba, shiru. Ya taɓa wuya, ya taɓa kumatu, tana zaune kamar an dasa ta. Ya girgiza kai ya ce wannan irin mai lalata jijiya ne, a ci gaba da ƙwaya. Kowace shekara sai ya ƙara faɗaɗa wurin da yake taɓawa, ni kuma in ƙara faɗaɗa jan. Har na riƙa nuna katinta ga sababbin ma'aikata a matsayin abin mamaki. Ina tuna yadda nake fere fensirin nan da reza, in shafa a hankali kada ya fita daga layi. Wallahi har alfahari nake yi da tsabtar aikina.

Hamma yana zuwa duk kaka. Ya tsaya a hayin rafi da ɗan ƙoƙon man shanu, ya ajiye a kan dutse, ya ja baya. Ita ta tsaya a wannan hayin. Ba su haɗa ido. Ya ba ta labarin shanu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta haihu da wadda kura ta kama, ita kuma tana jira. Sai can zai tafi ta tambayi yadda mutanen gida suke, shi kuwa ya san wanda take nufi. Ya kafa sandarsa a ƙasa ya kifa tafin hannu a jikinta, daidai tsawon yarinyar. Bai taɓa zuwa da ita ba, arɗo ya hana. In ya tafi, Adda takan wuni ba ta ci komai ba, man shanun kuma ta rabar wa tsofaffi. Baba Kura ma a irin ranar yakan kama bakinsa.

Wata shekara ta roƙe ni in na je kasuwar Gwiwa in duba mata ko zan ga matan rugarsu. Na gan su kuwa, sun jera ƙore a gindin tsamiya, da wata 'yar yarinya mai kama da ita tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya. Ban yi musu magana ba, don in aka gan su da malamin kutare babu mai sake sayen nononsu. Da na dawo ta sa ni na maimaita mata abin da na gani har sau huɗu. Wane irin kitso ne a kanta? Akwai takalmi a ƙafarta? Ta yi ƙiba ko ta rame? Rabin amsoshin ƙirƙira na yi, don ban lura ba.

Aka shiga yaƙin basasa, sufeto ya yi shekara biyu bai zo ba. Aka gama, aka turo wani sabo, mutum mai natsuwa, ba ya tsawa. Ya ɗauki katin Adda da ya tarar, ya yi abin da na gabansa ya yi, ya samu abin da na gabansa ya samu. Waɗanda suka zo bayanta da ciwo mai tsanani suka karɓi takarda suka wuce. Ita takan raka su har bakin rafi, ta riƙe musu ƙunshin kaya, ta dawo ta ɗauki tulunta. Ban taɓa jin ta ce don me ba.

Matata Mairo ce ta gano abin, a daminar shekarar Adda ta goma a wurin. Farkon aurenmu Mairo ko rigar aikina ba ta yarda ta shiga ɗaki, a bakin zaure nake tuɓewa in wanke hannu da toka. Sannu a hankali tsoron ya sake ta, har ta kai takan bi ni ran Juma'a ta yi wa matan kitso. Ta san zancen katin Adda, don na ishe ta da shi a gida. Ran nan muna dawowa, ina tura keke tana biye, sai ta ce wai ba na ce bayan Adda ba ya ji ba? Na ce takarda ma ta faɗa. Ta ce to ita dai tana tsefe mata kai silin gashi ɗaya ya faɗo mata a gadon baya, ta kai hannu ta share shi ba ta ko waiwaya ba.

Na ce mata aikin asibiti ba kitso ba ne. Ta ƙyale ni na gama cika baki, sannan ta tambaye ni sufeton namu mace ne ko namiji. Na ce namiji mana. Ta ce a ina ake gwajin? Na ce a gindin darbejiya. Ta ce ni kuma ina ina? Na ce ina tsaye a gabanta da kwali. Sai ta ce, "Malam, kai da karatunka. Matar aure, Bafulatana, a tuɓe mata baya a gaban gari, baƙon namiji ya shafa ta, ka ce ta buɗe baki ta ce ta ji?"

Muka isa gida. Tuwon ranar ma ban san ɗanɗanonsa ba.

Washegari na ba Mairo auduga, suka shiga bukka su biyu, na tsaya a waje da katin. Ina jin muryar Adda ƙasa-ƙasa tana amsawa, nan, nan, nan. Ko'ina tana ji, in ban da ƙaramin yatsan hagu da wani ɗan wuri kamar faɗin kwabo a baya. Da suka fito na kasa haƙuri, na tambaye ta don me ta yi mana shiru shekara da shekaru. Har da ɗan faɗa a muryata, don mai laifi ya fi kowa saurin hasala.

Ta ce ita ta ɗauka ƙwaya da gilashin kunne su ne ke sallamar mutum, audugar nan kuwa wata al'ada ce ta asibiti da ake daurewa a wuce ta. Ta ga wasu matan suna amsawa, ta ce a ranta kowa da irin tarbiyyar gidansu. Na ce ai na gaya mata in ta ji ta faɗa. Ta ce na faɗa, amma ban ce mata shi ne hanyar gida ba. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ba ta dube ni ba: "Malam, da na amsa tun shekarar da tabon ya tafi, da an sallame ni?"

Na so in yi mata ƙarya. Na ce da an sallame ta.

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Sai ta ce rana ta yi, Baba Kura bai karya ba, ta wuce.

Shekara bakwai ke nan na ci mata da fensir. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba, har yau kuma ban sani ba. Abin da na iya kawai shi ne rubutu, sai na zauna na rubuta wa ofishinmu na Kano wasiƙa shafi uku, na ce a daina gwada mata a fili, a samo mace ta riƙa gwada su a ɗaki. Na sa sunana a cikin masu kuskuren, ko da yake sai da na yaga ta farko, wadda na ɗora wa sufetoci komai.

Bayan kaka sufeto ya zo. Na gaya masa duka. Ya saurara, ya ce gwajin Mairo ba zai shiga kati ba tunda ba ma'aikaciya ba ce, kuma gaskiyarsa ne. Amma ya yarda aka kafa zana aka kare benci daga idon mutane. Adda ta zauna. Ya taɓa ta, na ga yatsanta ya ɗaga, ya tafi ya nuna wurin. Ba ta furta komai ba, da yatsa ta yi ta nunawa har aka gama, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Sufeto ya ajiye audugar. Ya ce bai taɓa jin kunyar aikinsa irin ta yau ba. Sai dai ƙa'ida ta ce wanda katinsa ya yi ja haka sai ya ci gwaji sau biyu a jere, shekara guda tsakani. Na roƙe shi har na ba kaina tausayi. Ya ce in ya karya ta yau don mai gaskiya, gobe wani zai karya ta don zakara. Ya yi alkawarin zai bi wasiƙata da kansa, kuma ya bi.

Kwana kaɗan bayan haka Hamma ya zo. Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, ƙoƙon man ma rabi ne. Wannan karon ni na tsallaka rafin na same shi, na ce saura shekara ɗaya tak, na ba shi tabbaci. Ya ce ciyawa ta ƙare a yankinsu, rijiyoyi suna ja da baya, manya suna maganar a yi kudu. Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa su jira. Ya nuna wa Adda tsawon yarinyar a jikin sanda, hannun ya kusa kai kafaɗarsa.

Shekarar da ta biyo ita ce ta babban fari. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Gero ya bushe tun yana gwiwa, shanu suka riƙa faɗuwa a burtali, mutanen arewa suka yi ta kwararowa ta Babura da abin da ya rage musu. A Bayan Dutse mun binne tsofaffi shida, har da Baba Kura. Adda ce a kansa har ya cika. Ya ce mata ya 'yanta ta, ta tafi gida, ta ce sai dai shi ta 'yanta. Kaka ta zo ba amfanin gona, Hamma kuma bai zo ba. Kullum da la'asar sai ta je bakin rafi ta tsaya, wai tana neman akuyarta.

Abin haushi, a shekarun nan ne kuma kuɗin mai ya fara shigowa gwamnati. Ga yunwa a ƙauye, ga sababbin motoci a ofis. Farkon shekara sai ga jif sabuwa fil ta tsaya a ƙofar ɗakin magani, da sufeto da wata sista a ciki, da takardar sabuwar doka: daga yau mace ce za ta gwada mace, a cikin ɗaki, kuma sai an gaya wa kowane mai ciwo abin da gwajin yake yankewa kafin a fara. An kuma ɗauki mutum biyu aikin kula da tsofaffi, aikin da Adda ta yi shekara goma sha biyu ba ko sisi. Sista ta gwada mata goma sha ɗaya a ranar. Huɗu daga ciki jan katinsu na kunya ne, ba na ciwo ba. Biyu Fulani, biyu Hausawa 'yan'uwana, don kada in ce abin na Fulani ne kaɗai. Duk ni na shafa musu.

Aka ba Adda takardarta. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta sake juyawa, ta tambaye ni ta ina ne sama.

Na roƙi direba ya kai mu rugar. Mairo ta yi mata sabon kitso, ta ba ta zane. Da muka wuce Gwiwa ta fara nuna wa direba hanya, ta wajen kukar can, ta bayan dutsen can, kamar jiya ta baro wurin. Muka isa. Babu bukka ko ɗaya. Sai da'irar duwatsun murhu, da turakun maruƙa a kafe, da busasshen kashin shanu da ya zama gari. Ta sauka ta zagaya, ta tsaya a wani wuri ta ce nan ne ɗakinta.

Wani tsoho a ƙauyen da ke kusa ya ce sun tashi tun farkon bazarar bara, bayan sun rasa fiye da rabin garken. Ya ce Hamma ne na ƙarshen tashi, sai da arɗo ya aiko masa sau biyu. Sun yi kudu, wasu sun ce bayan Zariya, wasu sun ce har ƙasar Gwari. Yarinyar tana tare da su, ta zama budurwa, ita ke kora maruƙa. Na ce Hamma bai bar saƙo ba? Tsohon ya ce ya bari: in matarsa ta zo a ce mata ya jira.

Muka dawo da ita Bayan Dutse, don babu inda za mu kai ta. Sufeto ya ce a ɗauke ta cikin masu kula da tsofaffi, da albashi. Mairo ta ce ta zo gidanmu ta zauna. Ta yi godiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ashe kullum tana zuwa burtali tana tare masu wucewa. Bayan kamar sati uku ta samu wasu Fulani da suka fito daga wajen Babura za su kudu da 'yan shanunsu, ta nuna musu takardar, suka yarda ta bi su.

Da hantsi ta zo ɗakin magani da ƙunshinta a ka. Ta miƙo mini takardar ta ce da Turanci aka rubuta, a ruga babu mai karanta shi. In juya bayanta in rubuta da ajami, yadda kowane malami zai iya karantawa. Doka ta hana a ƙara ko ɗigo a takardar hukuma. Na ɗauko alƙalami na ce ta faɗi abin da take so.

Ta ce, "Rubuta cewa na warke tun yarinyar tana shekara biyar. Rubuta cewa ba a gane ba ne. Kada ta girma tana cewa uwarta ta samu wuri ta zauna."

Na rubuta. Na ƙara da cewa kuskuren na ma'aikata ne, ni Muhammadu Lawal na Roni ina cikinsu, na sa hannu. Na karanta mata, ta ce in cire sunana, ba ta son a zage ni a inda ba a san ni ba. Na ce a bar shi. Ta naɗe takardar a leda, ta sa a cikin zane, ta ce in gai da Mairo, in kuma gaya wa sababbin ma'aikata su riƙa barin koko ya huce. Na raka ta har hayin rafi. Shanun sun riga sun yi gaba, sai ta ɗan haɗa da sauri don ta cim musu.

Na ƙara shekara ashirin da ɗaya a aiki. An rushe Bayan Dutse daga baya, da aka samu sabon magani aka ce kowa ya sha a gidansa, kuma hakan ya fi. An ba ni babur, an ba ni takardar yabo a kan wasiƙar nan, tana cikin akwati ban taɓa rataye ta ba. Duk Bafulatanin da na ji ya fito daga kudu, a kasuwar Kazaure ko ta Babura, sai na tare shi na tambaye shi Hamma Daudu na wajen Gwiwa, da matarsa Ma'u, da 'yarsu Rahamatu. Wani ya ce ya san wani Daudu amma ya rasu. Wani ya ce kudu ai faɗi gare ta, Malam. 'Ya'yana har tsokanata suke yi, wai Baba ya ga Fulani zai fara.

Ina kewarta, ba na ɓoyewa, ni da Mairo duka. Ba na ma roƙon in sake ganinta, na san shekaru sun ja. In Rahamatu tana raye yanzu ta ba arba'in baya, wataƙila da jikoki. Abu ɗaya nake so in sani kafin in mutu, ko an samu wanda ya karanta mata bayan takardar.